Bututun Ƙarfe da Lambarsa a Littafin Kwastan

Na daɗe ina aikin fiton kaya a tashar jiragen ruwa ta Apapa, kuma a cikin dukan hajar da take bi ta hannuna ban ga wadda take jawo wa 'yan kasuwarmu hasara a ɓoye kamar bututun ƙarfe ba, domin mai saye yakan ɗauka duk bututu ɗaya ne, alhali kuwa littafin haraji ya rarrabe shi filla-filla, kamar yadda malaman fiƙihu suke rarrabe mas'aloli.

Bututun da aka huda daga curin ƙarfe guda, wanda ba shi da ɗinki, lambarsa 7304. Wanda aka naɗe daga falle aka yi masa walda, idan faɗinsa ya zarce milimita 406.4, wato inci 16, yana ƙarƙashin 7305, kuma irinsa ne aka shimfiɗa a layin gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai inci 40 da tsawon kilomita 614. Sauran masu walda suna 7306. Tun da tsarin harajin bai ɗaya na ECOWAS ya fara aiki a 2015, kuɗin fito ya kasu aji biyar: sifili, da kashi 5, da 10, da 20, da 35 cikin ɗari, kuma lambar nan ita take hukunta ajin da kaya zai faɗa. Ana lissafin a kan kuɗin kaya haɗe da inshora da ladan jirgi, sannan a ɗora harajin VAT na kashi 7.5.

Wata shekara wani dattijo ɗan kwangilar ruwa ya kawo mini takardunsa bayan jirgi ya riga ya taso, kuma rasitin da mai sayarwa ya aiko ya ce bututun marar ɗinki ne. Ranar duba kaya, da aka buɗe kwantena, jami'i ya haska tocila cikin bakin bututu guda, ya zura yatsa, sai ga layin walda ya miƙe daga baki har ƙarshe. Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, ai ruwa zai bi ta ciki ko da ɗinki ko babu." Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne, amma abin da aka rubuta shi ake hukunci da shi." Aka sake lissafi, kaya suka yi makonni ana ƙirga musu kuɗin ajiya kullum, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ya biya farashin marar ɗinki an ba shi mai ɗinki, wanda bai kai shi daraja ba.

Irin wannan ha'inci yana da nasaba da abin da ke gudana a nesa da mu. Amurka ta ɗora harajin kashi 25 a kan ƙarfen waje a 2018, ta ninka shi zuwa 50 a watan Yuni na 2025, ga kuma Sin tana narka fiye da rabin ƙarfen duniya. To, hajar da aka toshe wa ƙofa can dole ta nemi wata kasuwa, shi ya sa tayi mai rahusa yake yawan iso wa mutanenmu ta waya. A cikinsa akwai na ƙwarai, akwai kuma wanda ke tabbatar da cewa araha ba ta ado, musamman ga ƙasar da masana'antarta ta Ajakuta, wadda aka soma da taimakon Tarayyar Sobiyat, har yanzu ba ta fara narka ƙarfe ba.

Saboda haka, duk wanda ya zo wurina kafin ya buɗe Fom M, wato takardar neman shigo da kaya, a banki, nakan nemi ya karɓo takardar gwajin masana'anta mai ɗauke da lambar narki da kaurin bango, da shaidar ingancin kaya ta SONCAP, da hoton cikin bututun an haska shi, sannan mu zauna tare mu tabbatar lambar da ke kan rasit ita ce wadda za ta hau Fom ɗin, harafi da harafi.