Fok ɗin da ya tsage ba a yi masa walda

Aikina gyaran keke ne a Balbeji, cikin ƙasar Tarka. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, wani yaro ne ɗan kwaleji da ke kwance a ɗakin mahaifiyarsa yanzu haka, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, ba abin da ke shiga cikinsa sai kunu mai ruwa-ruwa. Ba zan faɗi sunansa ko na ƙauyensu ba. Zan dai faɗi yadda aka yi, domin irin kekensa sun cika Damargu, tun daga nan har Tanut.

Mahaifinsa ya sayo masa keken daga Zinder, irin na gwanjon nan masu kaurin taya da giya da shokazoba a gaba, waɗanda yara ke ce wa VTT. Niyyar alheri ya yi. Ƙauyensu da nisa daga lakwal, hanyar kuwa rairayi ce da tudu, ta kutsa cikin ƙandili da aduwa da magarya, sannan ta gangaro cikin kwarin Tarka. Da kaka, lokacin da ciyawa ba ta gama bushewa ba, tabkuna na da sauran ruwa, shanu da raƙuma na bin burtali, wurin yana da daɗin hawan keke ƙwarai. Ni ma ina hawa, kuma ban ga laifin yaron da ya so haka ba.

Ranar kasuwa suka zo shi da mahaifin, faci kawai suka kawo. Da na ɗaga gaban keken na girgiza, sai na ji ƙas-ƙas a wuya. Na kwance kai, na zare fok, na goge giris da tsumma, sai ga tsaga daidai inda wuyan ya haɗu da kafaɗa, siririya kamar silin gashi, ta kusa cin rabin zagayen. Birkin baya ba shi da waya sam. Na gaba kuwa robar ta cinye, ƙarfe ne ke gugar rim.

Na ce, "Alhaji, wannan fok ya gama aiki. Sai dai a sake wani."

Ya leƙa, ya ce, "Haba Malam, ɗan wannan layi? Ai walda za a ɗiga masa."

Na ce, "Ba a yi wa nan walda. Nan ke ɗauke da yaron duka idan ya kama gangare."

Ya ce, "Ku masu gyara sai kun nemo abin da za ku sayar wa mutum. Yi mana facinmu mu tafi."

Yaron ya sa baki, "Baba, ai ni da takalmi nake tsayawa. Na iya."

Na yi facin, amma na ƙi mayar da fok ɗin, na ce hannuna ba zai ɗaura shi ba. Suka ɗora keken a amalanke a warwatse. Daga baya na ji inda suka kai shi: wurin wani mai waldar ƙofofi, wanda ke karɓar duk abin da aka miƙa masa, daga tukunya har keke. Ya ɗiga walda a kan tsagar, ya bi da magagari, ya shafa baƙin fenti, ya karɓi kuɗinsa. Birki kuwa ba wanda ya waiwaye shi.

Akwai wani gangare da ƴan lakwal ke tsere a kansa idan an tashi. Sun gani a waya, a bidiyon Facebook da TikTok, Turawa na sulalowa daga kan duwatsu, su ma suna gwadawa. Ruwan damina ya riga ya ci gindin gangaren, ya bar rami da ba a hango shi daga sama. Abokansa sun ce ya taho a guje, ya ga ramin, ya matse birkin gaba bai kama ba, ya sa takalmi a taya, takalmin ya fice. Tayar gaba na faɗawa ciki, fok ya ɓalle daga wuya. Da fuska ya sauka a kan tsakuwa.

Abin da ya biyo baya ya ƙara ƙona mini rai. Aka ciccibe shi, aka sa shi tsakanin mutum biyu a kan moto, kansa na lilo. Maimakon gidan likita, wurin mai ɗori aka nufa, aka ɗaure kafaɗa da kara, aka ce bakin zai sace da kansa. Sai da fuska ta haye, ya kasa haɗiyar ruwa, sannan aka kawo shi likita, su kuma suka tura shi babban asibitin Zinder. Daga Tanut ma, da ke kan titi, kusan kilomita 150 ne zuwa Zinder, balle wanda ya taso daga cikin daji. Mahaifin ya sayar da raguna da hatsin da ya ajiye don rani. Kuɗin motar da ta kai su kaɗai ya fi na sabon fok da birki biyu. Yaron ya tsira da ransa, alhamdu lillahi, amma karatun bana ya tafi, hannunsa na dama kuma har yau ba ya ɗaguwa.

Wansa ya kawo mini ragowar keken, na duba bakin karayar. Launi biyu ne. Inda tsohuwar tsagar take baƙi ne, ya yi tsatsa. Inda ya rage ya karye ranar fari ne, yana ƙyalli. Waldar na zaune a sama, ko kaɗan ba ta shiga ciki ba, wuta kuma ta gasa ƙarfen da ke gefenta. An rufe tsagar ne kawai don kada ido ya gan ta. Wanda ya yi wannan aiki ya san don yaro ake gyaran keken.

Masu kallon bidiyo, ga abin da ba a nuna muku. Wannan wasa na VTT ya taso ne a tsaunukan yankin Marin, jihar Kalifoniya ta Amurka, a shekarun 1970, kuma birki ne ya fara ba su wahala: tsofaffin kekunan da suka fara da su, birkin kan yi zafi har giris ya ƙone, sai an sake cika shi bayan an sauko. Ganin haka suka koma ƙera kekunan da za su jure. A 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Wanda kuka gani yana tsalle da hular kwano a kansa yake, kuma makaniki ya bi kowane noti kafin ya hau. A Faransa hanyoyin wasan suna da alamar launi, kore da shuɗi da ja da baƙi, gwargwadon haɗarinsu. Namu hanyoyin na Tarka sawun shanu ne da amalanke, kowace damina sai ta sake musu kamanni. Keken da ya iso kasuwarmu kuwa an riga an ci moriyarsa a can kafin a cusa shi a kwantena.

Don haka ku ji da kyau:

Fok da ya tsage ba a yi masa walda. A jefar, a sa wani.

Keken da ba shi da birki biyu masu kamawa ba ya sauka gangare. Takalmi ba birki ba ne.

Wanda ya faɗi a kan kansa ko fuskarsa, ba a ɗora shi a moto zaune, kuma likita ake fara kai shi.

Sauran ma zan faɗa, ko da na gaji da faɗa. Ku daina yanko tsohuwar taya kuna yin robar birki da ita. Ku daina cire birkin baya wai yana kuka. A saita shi. Wayar birki da ta fara warwarewa ba a ƙulle ta, ba a haɗa ta da wayar ɗaurin buhu. Waɗanda ke da birkin faifai, kada mai ya taɓa faifan, na ga wanda ya shafa masa baƙin mai don ya daina ƙara. Baƙin man nan ma a sarƙa rairayi yake tarawa, ya cinye haƙoran giya cikin rani ɗaya. Makullin tayar gaba a danne shi har ya bar shaida a tafin hannu. Masu ɗaukar ruwa a keke kuma, bido biyu masu cin lita 25 kilo 50 ke nan. Keken wasa ba a yi shi don ɗaukar ruwa ba, kuma yawancin tsagar wuya da nake gani a kekunan da ake zuwa rijiya da su nake ganinta. Idan firam ɗin alminiyam ne, kada ma wuta ta kusance shi. Tsaidau da ƙarangiya da ƙayar aduwa faci kawai za su jawo muku, wannan da sauƙi. Hular kwano ta gwanjo tana samuwa a Zinder da Maraɗi, wanda ya iya sayen VTT zai iya sayenta. Gangaren da ba ku sauka ba tun kafin ruwa, ku fara bin sa da ƙafa.

Iyaye, idan mai gyara ya nuna muku tsaga, ku tambayi mai gyara na biyu in kuna zarginsa, amma kada ku nufi mai waldar ƙofa. Kuma ku riƙa matsa birkin keken ƴaƴanku da hannunku, kada ku tsaya ga "lafiya lau yake, Baba".

Ƴan'uwana masu gyara da masu walda, ku nake roƙo fiye da kowa. Mai keke bai san abin da ke cikin wuyan fok ba, mu muka sani. Idan aka kawo muku wanda ya tsage, ku ce a'a, ko da mai shi zai yi fushi ya tafi da kuɗinsa. Idan na ƙi, kai ma ka ƙi, na gaba ya ƙi, dole ya sayi sabo. Muddin akwai mutum ɗaya a kasuwa da zai karɓa ya shafa fenti, gargaɗin sauranmu ba zai yi aiki ba.