Amsoshin Tambayoyinku: Wane ne Ousmane Sow?

Mai sauraronmu daga Maraɗi, ga amsarka. An haifi Ousmane Sow a Dakar a 1935. Ya daɗe yana aikin gashin ƙashi a Faransa, sai da ya kai kusan shekara 50 kafin ya duƙufa ga ƙera mutum-mutumi. Sanin jijiya da gaɓoɓin da ya samu a asibiti, a ganina, shi ya sa ƴan kokawar Nuba da ya ƙera suke kamar za su motsa. Ya ƙera Fulani da Masai ma. A 1999 ya baje ayyukansa a gadar Pont des Arts ta Paris, jama'a suka yi cincirindo. Ya rasu a Dakar a 2016.