ZAZZAƁIN KIYU: CUTAR DA KE ƁOYE A JIKIN RAƘUMA

Manoma da makiyaya, makon nan maganar raƙumi za mu yi. Kowa ya san amfaninsa. Shi ke ɗauko gishiri daga Bilma, shi ke kai hatsi kasuwa, ga nono, ga nama. Ana kawo su kasuwanni irin su Maigatari da Mai'aduwa da Illela daga Nijar, waɗansu kuma a wuce da su mayankar Kano. To, akwai wata cuta da raƙumi ke ɗauke da ita, ba ta cika kwantar da shi ba, amma tana kwantar da mai shi. Sunanta zazzaɓin Kiyu.

ASALIN SUNAN

A cikin 1935 wani zazzaɓi ya riƙa kama ma'aikatan mayanka a birnin Birisben na ƙasar Ostareliya. Likitan da ya bincika, Edward Derrick, ya rasa gane mafarinsa, sai ya laƙaba masa harafin Q, watau farkon kalmar "tambaya" da Turanci. Daga baya aka gano ƙwayar cutar, aka sa mata suna Coxiella burnetii. Ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ido ba ya ganinta. Ga ta da taurin rai: zafin rana da bushewa ba su kashe ta da sauri, takan yi watanni cikin ƙura tana jira.

YAWANTA A CIKIN RAƘUMA

Yadda a ke ganewa shi ne a ɗibi jinin dabba a auna. In an ga alama a jini, ma'anarsa dabbar ta taɓa gamuwa da cutar, ko da yanzu lafiyarta lau.

A wani bincike da aka buga a 2003 game da makiyayan Cadi, an sami alamar cikin raƙuma 80 daga kowane 100. Awaki kuwa 13 ne, tumaki 11, shanu 4 kacal. Mutanen da ke kiwon raƙuma kuma su ne aka fi samu da alamar a jininsu. A Aljeriya, binciken da aka buga a 2017 ya sami kimanin 71 cikin 100. Kun ga ashe ba ƙaramin abu ba ne, ga shi kuma raƙuman ƙasashen nan da namu hanya ɗaya su ke bi, rijiya ɗaya su ke sha.

ABIN DA KE ƘARA HAƊARI

Na farko, shekaru. Raƙumi dabba ne mai tsawon rai, ko wace shekara kuwa yana ƙara gamuwa da ƙwayar. A Aljeriya waɗanda suka wuce shekara 11 sun fi ƙanana kamuwa.

Na biyu, girman garke. Garken da ya wuce kai 50 ya fi haɗari, don haihuwa ta fi yawa a cikinsa, cunkoso kuma ya fi yawa.

Na uku, kaska. Tana iya ɗaukar ƙwayar daga wannan dabba zuwa waccan, kashinta ma yana ɗauke da ita.

Na huɗu, cuɗanya da awaki da tumaki a makwanci ɗaya ko mashaya ɗaya. Su ma manyan maɓoyan cutar ne.

Amma babbar ƙofa ita ce haihuwa da ɓari. Mabiyiya da ruwan haihuwa cike su ke da miliyoyin ƙwayoyi. In an bar su a fili suka bushe, sai su zama ƙura, iska ta kwashe ta har mil da yawa. Wanda ya shaƙa, ko ƙwaya kaɗan ce, ta isa. Ana kuma samunta cikin nono da fitsari da kashi.

YADDA TA KE KAMA MUTUM

Bayan mako 2 ko 3 da shaƙa, sai zazzaɓi mai zafi, da matsanancin ciwon kai, da gumi, da ciwon jiki, wani lokaci da tari. Wajen rabin waɗanda ta shiga ba su jin kome. Sau da yawa akan ɗauka zazzaɓin sauro ne, a yi ta shan magani a banza. A jikin waɗansu takan zauna ta taɓa zuciya, musamman mai ciwon zuciya tun da can. Mace mai ciki kuwa tana iya yin ɓari. Kada a raina ta: tsakanin 2007 da 2010 ta kama mutum fiye da 4,000 a ƙasar Holan, daga gonakin awaki.

ABIN DA ZA MU YI

1. A ware taguwa mai haihuwa, nesa da gida da rijiya, inda iska ba ta kaɗowa wajen mutane.

2. A binne mabiyiya da ɗan ɓari cikin rami mai zurfi, ko a ƙone. Kada a taɓa da hannu tsirara, kada a bar wa karnuka.

3. Mai karɓar haihuwa ya rufe hanci da baki, ya wanke hannu da sabulu, ya wanke tufafinsa dabam.

4. A tafasa nono kafin a sha. Tafasawa na kashe ƙwayar.

5. Mata masu ciki su nisanci wurin haihuwar dabbobi da sharar garke.

6. A riƙa kashe kaska da maganin da ma'aikatan dabbobi suka nuna. Kada a murtsuke ta da yatsa.

7. In ɓari ya yawaita a garke, a gaya wa likitan dabbobi. Bakkale ma na sa ɓari, awon jini ne ke rarrabewa.

Wanda zazzaɓi ya ƙi saki, ya tafi asibiti, ya faɗa wa likita cewa yana kiwo ko fawa. Akwai magani, doksisaikilin, akan sha kwana 14, amma sai da izinin likita. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu.