Zaman Lafiya Tsakanin Yaran Makaranta

A shekarar 1966 ne Gwamnatin Tarayya ta buɗe kwalejoji uku, a Sakkwato da Warri da Okposi, domin yara daga kowane sashe na ƙasa su yi karatu a aji ɗaya, su ci abinci a tebur ɗaya. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, sai aka ƙara buɗe irinsu a 1973, su ne ake kira makarantun haɗin kai. Manufar kuwa ita ce, yaron da ya tashi tare da Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Babarbare ba zai girma yana ƙyamar ɗayansu ba. Amma tara yara wuri ɗaya kaɗai ba ya kawo jituwa, domin tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Abin lura shi ne yadda ake bi da saɓani in ya auku.

Mafarin faɗa

Galibi ƙaramin abu ne ke haddasa shi: layin ɗibar ruwa a famfo, bokitin da ya ɓace, rabon nama, gardamar ƙwallo, ko babban ɗalibi ya mai da ƙarami baransa, ya sa shi wanki, ya ƙwace masa guzuri. Hatsarin yana ga barin magana ta kwana. Da safe faɗan yara biyu ne a kan bokiti, kafin dare ya zama na mutanenmu da mutanensu. Da zarar an jingina shi ga ƙabila ko addini, waɗanda ba su san mafarinsa ba su ne kan fi zaƙewa, labari kuma ya tsallake katanga ya shiga gari.

Matakan sulhu

Na farko, malami ya raba masu faɗa, ya kori 'yan kallo, ya bari zuciya ta huce. Mai fushi ba ya jin nasiha.

Na biyu, a saurari kowane yaro shi kaɗai, sa'an nan a haɗa su, kowa ya faɗi nasa ba tare da an katse shi ba. Yaro kan jure hukunci in ya tabbata an ji ta bakinsa.

Na uku, a tsaya a kan abin da aka aikata. Kada a bari kowa, har malamin kansa, ya ambaci garin yaro ko harshensa ko addininsa.

Na huɗu, a gyara ɓarnar da aka yi. Wanda ya fasa bokiti ya biya, wanda ya yi zagi ya nemi gafara. Horo ya zama daidai da laifi, kuma iri ɗaya ga ɗan kowa. Wulaƙanta yaro a gaban taro ramuwa yake haifarwa.

Na biyar, a rubuta abin da ya faru a littafin makaranta, a sake duba yaran bayan mako guda. In an ji rauni ko an ga makami, wajibi ne a kai yaro asibiti, a sanar da shugaban makaranta da iyaye nan take.

Shugabannin ɗalibai

An naɗa su domin su kare ƙanana ne, ba a ba su ikon duka ba. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ba kowane yaro haƙƙin a kiyaye mutuncinsa, ta hana azabtar da shi. Har wa yau, a 2021 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta fitar da tsarin ƙasa na tsaron makarantu da kawar da cin zali a cikinsu. Saboda haka yaron da ya kai ƙara a rufa masa asiri, domin in ya sha duka a kan haka, ba wanda zai sake buɗe baki.

Aikin iyaye

Uban da ɗansa ya kawo masa kuka kada ya ce masa ya je ya rama, kada kuma ya tara 'yan'uwa su nufi makaranta. Ya tafi wurin shugaban makaranta ya ji ɗaya ɓangaren, in bai gamsu ba ya kai maganar gaban ƙungiyar iyaye da malamai. Iyaye su kuma kiyaye harshensu a gida, domin abin da yaro ya ji ana faɗi a kan wata ƙabila a tsakar gida, shi zai maimaita a ɗakin kwanan makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.