Wasannin Ƙananan Yara a Lokacin Bazara

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta shekarar 2004 ta tanadi cewa ƙananan yara a koyar da su ta hanyar wasa, kuma da harshen uwa. Sai dai a yammacin Jihar Kano, kamar Gwarzo da Kabo, zafin bazara daga Maris zuwa Mayu yakan kai digiri 40. Jikin ƙaramin yaro kuwa yana saurin rasa ruwa, ga shi ba kasafai yake faɗin yana jin ƙishirwa ba.

Wasu malamai kan kulle yara a aji saboda haka, wanda kuskure ne, domin ɗakin kwano ya fi gindin bishiya zafi. Abin da ya kamata shi ne a sauya lokaci da wuri. A fita da hantsi, kafin ƙarfe 10, a zauna inuwar darbejiya ko mangwaro. Kuka ba ta da ganye a wannan lokaci. Gawo yana da shi, amma ƙayarsa na illa ga mai tafiya ba takalmi.

A jingine wasannin guje-guje. Tuwon ƙasa da 'yartsana sun fi dacewa, domin a cikinsu yaro ke koyon kalmomi irin su murhu, tukunya, kwaɓa da goyo. A ajiye randa kusa, a riƙa shayar da kowa tun bai nema ba. Yaron da leɓensa ya bushe ko ya yi lakwas, a kai shi inuwa nan take, a ba shi ruwa, a sanar da iyayensa.