Yadda Mace Ke Koyon Fitowa a Namiji: Nazari a Kan Wasan Takarazuka na Ƙasar Japan

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya yi darasin wasan kwaikwayon gargajiya ya ci karo da wasan gauta, wanda matan fada kan shirya, wata ta fito a matsayin sarki, wasu kuma su fito a matsayin hakimai da fadawa. A ƙasar Japan akwai wata ƙungiya da ta mayar da irin wannan fitowa sana'a tun shekarar 1914. Sunanta Takarazuka, kuma duk wanda ya hau dandamalinta mace ce, ko da sarki ne a cikin labarin, ko soja, ko ɗan fashi. Wannan maƙala za ta duba asalin ƙungiyar da tsarinta, da yadda 'yar wasa ke koyon fitowa a namiji, da kuma abin da ke jan hankalin masu kallo. Manufa ita ce a nuna wa ɗalibin harshe cewa mazantakar da ake gani a wannan dandamali aba ce da ake koyo daki-daki, kamar yadda ake koyon baƙon harshe.

2.0 Asalin Ƙungiyar

Wanda ya kafa ƙungiyar shi ne Kobayashi Ichizo, ɗan kasuwa kuma jigo a kamfanin jirgin ƙasa da daga baya aka sani da suna Hankyu. A 1910 kamfanin ya buɗe layin dogo daga birnin Osaka zuwa Takarazuka, wani ƙaramin gari mai maɓuɓɓugar ruwan zafi a lardin Hyogo. Da yake garin ne ƙarshen layi, sai Kobayashi ya nemi abin da zai sa mutane su sayi tikiti su je can. A 1913 ya tara 'yan mata 16 aka koya musu waƙa da rawa, a watan Afrilu na 1914 kuma suka yi wasansu na farko a wani ɗakin ninkaya da bai karɓu ba, wanda aka gyara ya zama gidan wasa.

Domin a gane sabon abin da Kobayashi ya kawo, sai a waiwayi kabuki, wato shahararren wasan gargajiyar Japan. Mace ce ta fara shi, Izumo no Okuni, a birnin Kyoto wajen 1603, amma a 1629 hukuma ta hana mata hawa dandamalinsa. Daga nan maza suka riƙa fitowa a mata, ana kiran su onnagata. Ke nan Takarazuka ta juya wannan tsari ne, ta ba mata dandamalin gaba ɗaya.

A 1927 ƙungiyar ta nuna Mon Pari, wasan waƙa da rawa irin na birnin Faris, wanda shi ne na farko irinsa a Japan. A 1934 ta buɗe gidan wasa na biyu a Tokyo. Babbar kasuwarta ta buɗe a 1974 da wasan Berusaiyu no Bara, wato Wardin Fadar Bersai, wanda aka ɗauko daga labarin zane na Ikeda Riyoko. Labari ne na zamanin juyin juya halin Faransa, kuma ɗaya daga cikin manyan taurarinsa, Oskar, mace ce da mahaifinta ya rene ta a matsayin namiji. A 1996 aka ƙara da Elizabet, wasan da aka aro daga birnin Biyana na ƙasar Ostiriya.

3.0 Tsarin Ƙungiyar

Ba a shiga Takarazuka sai ta ƙofar makarantarta ta waƙa. Makarantar na ɗaukar 'yan mata kimanin 40 a shekara, masu shekara 15 zuwa 18, bayan jarrabawa mai tsanani. Sukan yi shekara biyu suna koyon waƙa da rawar zamani da ta gargajiya da kwaikwayo. Taken da Kobayashi ya bar musu kalmomi uku ne: tsarki, gaskiya, kyau. Ko bayan sun fara aiki, ana ci gaba da kiran su seito, ma'ana ɗalibai, kuma wadda za ta yi aure sai ta bar ƙungiyar.

An raba 'yan wasa rukuni biyar: Fure da Wata, waɗanda aka kafa a 1921, sai Dusar Ƙanƙara a 1924, Tauraro a 1933, da Sararin Sama a 1998. Akwai kuma rukunin gogaggu da ake kira senka, waɗanda kan taimaka wa kowane rukuni. Tun a makaranta ake raba ɗalibai gida biyu, galibi bisa tsawo da murya. Masu fitowa a maza su ne otokoyaku, masu fitowa a mata kuma musumeyaku, wato masu matsayin ɗiya. Kowane rukuni yana da babbar tauraruwa guda ɗaya, kuma daga cikin otokoyaku take fitowa.

4.0 Yadda Ake Gina Namijin Dandamali

A tsakanin 'yan ƙungiyar ana cewa sai an shekara goma ake zama cikakkiyar otokoyaku. Abin da ake koyo a waɗannan shekaru ya kasu kashi uku.

Na farko shi ne jiki. 'Yar wasa takan rage gashinta, ta koyi taku mai faɗi, da tsayuwa da buɗaɗɗun kafaɗu, da yadda ake sa hannu a aljihu ko a gyara kwalar riga. Waɗannan tsararrun motsi ana kiran su kata, kuma ƙanana kan gaje su ne daga manya ta hanyar kallo da maimaitawa. Tela ma yana da nasa hannu, domin akan cika kafaɗar kwat, a tsawaita wando ya rufe dogon dunduniyar takalmi.

Na biyu shi ne murya. Otokoyaku kan saukar da muryarta ƙasa a magana da waƙa. Ita kuma musumeyaku takan ɗaga tata sama, ta ɗan rusuna idan ta tsaya kusa da abokiyar wasanta domin waccan ta ƙara tsawo a idon mai kallo. Wannan ya nuna cewa ita ma macen dandamali gina ta ake yi, kuma aikin mutum biyu ne ke fito da namijin.

Na uku, wanda ya fi shafar mu, shi ne harshe. A Hausa jinsi yana fitowa a wakilin suna na mutum na biyu da na uku: kai da ke, shi da ita, ka zo da kin zo. Amma mai magana, mace ko namiji, ni zai ce. Yarabanci da Ibo kuwa ba su ma bambanta shi da ita ba. Japananci ya bi wata hanya dabam, inda bambancin ya fi ƙarfi a bakin mai maganar kansa. Watashi kalma ce ta ladabi da kowa zai iya kiran kansa da ita, atashi ta mata ce, boku ta samari ce masu taushin hali, ore kuma ta namiji ce mai ji da kansa. Haka nan akwai ƙananan kalmomi da ake rufe jimla da su: zo da ze suna nuna kaushin maza, wa kuma tana nuna laushin mata. Saboda haka da zarar otokoyaku ta buɗe baki ta ce ore, mai sauraro ya san irin namijin da ke gabansa tun kafin labari ya yi nisa.

Masanin harshe Kinsui Satoshi, a wani littafi da ya fitar a 2003, ya kira irin wannan magana yakuwarigo, wato harshen matsayi. Yana nufin salon maganar da jama'a suka amince cewa na wani rukunin mutane ne, ko da a zahiri ba kasafai mutanen ke magana haka ba. 'Yan matan Japan na yau ba su cika rufe jimla da wa irin ta littafi ba, amma a dandamali tana nan daram.

5.0 Abin da Masu Kallo Ke Gani

Babban gidan wasan da ke Takarazuka yana ɗaukar mutum sama da 2,500, kuma mafi yawan masu cika shi mata ne. Galibi akan fara da wasa mai labari, a huta, sannan a shiga ɓangaren waƙa da rawa zalla. Akwai wata siririyar gada da ta zagaya gaban makaɗa, wadda taurari kan bi su matso kusa da 'yan kallo. A ƙarshe sai a fito da matakala mai hawa 26, 'yan wasa su riƙa saukowa bisa matsayinsu, babbar tauraruwa ta zo a ƙarshe ɗauke da tarin gashin tsuntsu a bayanta. Mai kallon da ya saba, da ganin girman gashin da jerin saukowar ya san wadda tauraronta ke hawa.

Babu wadda ta shiga gidan tana zaton maza za ta gani. Abin da masoyan wasan suka fi ambata shi ne cewa namijin Takarazuka ya fi na gaske iya kula da mace: yana saurare, yana furta ƙauna a fili, ba ya da kaushin da aka saba gani a gida ko a ofis. Wani abin kuma shi ne jin daɗin bin 'yar wasa tun tana bayan layi har ta kai gaba, shekara da shekaru. Masaniyar al'adu Jennifer Robertson, wadda ta fitar da littafi a kan ƙungiyar a 1998, ta nuna cewa fahimtar masu kallo ta sha bamban da ta mai ƙungiyar. Kobayashi yana ganin wadda ta fito a namiji za ta fahimci maza, ta zama matar aure tagari. Su kuwa mata da yawa abin da suka gani shi ne 'yar'uwarsu tana tsaye a tsakiyar fage, kowa na jiran maganarta.

6.0 Ɗaya Gefen Labule

Hausawa kan ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Duk da cewa mata ne a dandamali, shugabanci da rubutu da ba da umarni sun daɗe a hannun maza, domin sai a ƙarshen shekarun 1990 mace ta fara ba da umarnin wasa. Haka kuma tsarin girmama na gaba yana da tsanani ƙwarai. An daɗe ana sa sababbin ɗalibai rusuna wa jiragen Hankyu idan sun wuce, ko da wata babba tana ciki, har zuwa lokacin da makarantar ta soke al'adar.

A watan Satumba na 2023 wata 'yar wasa mai shekara 25 ta rukunin Sararin Sama ta rasu, iyalinta kuma suka ce yawan aiki da cin zarafi daga na gaba da ita ne sanadi. Da farko ƙungiyar ta ce ba ta tabbatar da cin zarafi ba, amma a watan Maris na 2024 ta amsa, ta kuma nemi gafarar iyalin. Wannan lamari ya sa masoyan wasan da dama sake tambayar kansu irin wahalar da ke bayan kyawun da suke tafa wa.

7.0 Kammalawa

An ga yadda Takarazuka ta taso daga dabarar sayar da tikitin jirgi, da yadda take gina namiji da jiki da murya da zaɓen kalma, da kuma nauyin da hakan ke ɗora wa 'yan wasa. Darasin da ɗalibi zai ɗauka shi ne cewa harshe na iya nuna jinsi a wuraren da littafin nahawu bai lissafa ba. A Hausa ma, kodayake ni ɗaya ce, da jin an ce “ni 'yasu”, ko an rangaɗa guɗa, ko an sakaya sunan miji da “maigida”, mun san mace ce ke magana.

Domin gwaji, ɗalibi ya ɗauki wasan kwaikwayon Hausa ɗaya da aka karanta a aji, ya rufe sunayen 'yan wasa a shafi biyu, ya ba abokin karatunsa ya ware maganar mata da ta maza. Daga nan su jera kalmomin da suka taimaka masa, su kuma tantance waɗanda ake ji a bakin mutane kullum da waɗanda sai a dandamali kawai ake jin su.