Gara da Danshi: Ƙananan Gyare-gyaren da ke Ɗaga Darajar Gida

Duk mai sayen gida da ya san abin da yake yi, a Kano ne ko a Zariya, ba fenti yake fara dubawa ba. Yakan duƙa ya dubi gindin bango, ya ƙwanƙwasa katakon ƙofa, sannan ya ɗaga kai ya dubi rufi. Abu biyu yake nema: alamar gara da alamar danshi. Da zarar ya ga ɗaya daga cikinsu, sai ya karya tayi, magada ko mai gida su tafka asara.

Abincin gara shi ne selulos, wato sinadarin da ke cikin itace da ciyawa da takarda. Nau'in gara mai gina suri, wadda masana ke kira Macrotermes, takan noma wata irin fumfuna a cikin surinta domin ta taimaka mata wajen narkar da abincin. Sarauniyarta na iya saka ƙwai dubbai a rana ɗaya. Sai dai jikin gara na da laushi, yana saurin bushewa. Wannan ne ya sa take lulluɓe hanyarta da jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma ta fi samun sauƙin shiga ginin da ke da laima.

Shi kuwa danshi yana hawa bango ta ƙananan kafofin da ke cikin tubali ko bulo, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Idan ruwan ya bushe sai ya bar gishiri, yaɓe ya ɓamɓare, fumfuna ta kama. Ƙurar fumfuna kuma tana tayar wa masu asma ciwonsu.

Ke nan maganin matsalolin biyu ɗaya ne, wato raba bango da ruwa. Na farko, a gyara indararo kafin damina, a tsawaita shi yadda ruwa zai zuba nesa da gini. Na biyu, a daɓe gindin bango da ɗan gangare zuwa waje. Na uku, a tone tsofaffin kututture, a daina jingina itacen girki da bango. Na huɗu, a buɗe taga mai raga a ɗakin da iska ba ta ratsawa.

Magina na gargajiya sun daɗe da gane haka. Sukan yi rufi da azarar giginya domin gara ba ta cika cin ta ba, su kuma shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, don ta kare shi daga ruwan sama.

Aiki ga ɗalibai: a tsayar da busasshen bulo cikin daro mai ruwa santimita 2. A riƙa auna tsayin jiƙon bayan kowace awa har awa 6, a rubuta. Sannan a maimaita da wani bulon da aka naɗe gindinsa da leda, a kwatanta sakamakon biyu a aji.